Gwajin Kalsiyam a Jijiyoyin Zuciya: Wa Ya Kamata Ya Yi, Yaya Ake Yi, Kuma Me Sakamakon Yake Nufi

Shekarun baya yayana ya dawo daga wata tafiyar duba lafiya da ya yi zuwa Alƙahira, ɗauke da ambulan cike da takardu da faifai. Bayan sallar isha'i ya kira ni ɗakinsa, ya zaro takarda guda ya miƙo mini, yatsansa a kan wata lamba da aka ja wa layi: 146. Ya ce an gaya masa ta bakin tafinta cewa akwai kalsiyam a jijiyoyin zuciyarsa, kuma tun daga ranar bai ƙara kai fura da nono bakinsa ba, domin ya ji an ce nono ne tushen kalsiyam. Na ce, "Yaya, me suka ce ka yi da wannan lambar?" Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce ba wanda ya yi masa bayani, gwajin yana cikin jerin waɗanda ya biya kuɗinsu a dunƙule ne kawai. Mutum ne mai shekara 54 a lokacin, ba ya jin ciwon komai, amma lambar nan ta hana shi barci har tsawon makonni.

Gwajin da aka yi masa gwaji ne mai amfani, kuma yana cikin mafi ƙarfin hanyoyin da likitoci suke da su na hasashen wanda bugun zuciya zai iya samu nan gaba. Sai dai amfaninsa ya rataya ne a kan abu guda: mutum ya san tambayar da yake son gwajin ya amsa masa tun kafin ya kwanta a kan gadon na'urar CT, wato na'urar ɗaukar hoton cikin jiki da ake yin gwajin da ita. Tambayar kuwa kusan kullum ita ce, shin wannan mutumin da yake jin kansa garau ya kamata ya fara shan maganin rage kolestarol, wato wani nau'in kitse da yake yawo a cikin jini, yanzu, ko za a iya saurarawa?

Abin da na'urar take nema

Zuciya tsoka ce, kuma duk da cewa ita take harba jini zuwa ko'ina a jiki, ita ma tana da nata jijiyoyin da suke ciyar da ita, waɗanda suka kwanta a bayanta kamar rassan bishiya. Manya biyu ne suke fitowa daga babbar jijiyar jiki, ɗaya ta dama, ɗaya ta hagu, ta hagun kuma takan rabu gida biyu. Shekara da shekaru kolestarol yakan riƙa kutsawa cikin bangon waɗannan jijiyoyi, musamman idan hawan jini ko hayaƙin taba ko yawan suga ya riga ya raunana bangon. Wurin sai ya kumbura ya zama kamar maruru a cikin bango, jiki kuma a ƙoƙarinsa na killace shi yakan zuba masa kalsiyam, wato ma'adinin nan da ƙashi da haƙora suke samun tauri da shi. Saboda haka kalsiyam ɗin da ake gani a hoto sawu ne, alamar cewa cutar ta daɗe tana bi ta wurin. Abin da ya fi yin kisa shi ne ɓangaren da bai taurara ba, wanda kan fashe ba zato, jini ya daskare a kansa, hanya ta toshe cikin 'yan mintoci. Amma da yake yawan kalsiyam yana tafiya da yawan dattin da ya taru gaba ɗaya, mai tauri da mai laushi, auna shi yana nuna girman matsalar.

Wannan kalsiyam ba daga nono ko kindirmo ko ƙashin miya yake zuwa kai tsaye ba, kuma barin su ba zai rage ko ɗigo ɗaya daga cikinsa ba. Na tsaya a kan wannan ne saboda shi ne kuskuren farko da kusan duk wanda ya ji sunan gwajin yake yi.

Lambar da ake bayarwa ana kiranta makin Agatston, da sunan Arthur Agatston, wani likitan zuciya a Amurka, wanda shi da abokin aikinsa Warren Janowitz suka wallafa hanyar lissafin a 1990. Na'urar CT tana auna taurin kowane abu da wani ma'auni mai sunan Godfrey Hounsfield, Baturen Ingila da ya ƙirƙiro ta, inda ruwa yake a kan sifili, iska kuma a kan 1,000 ƙasa da sifili. Duk wani ɗigo a jijiyar zuciya da ya kai 130 ko ya wuce, kwamfuta takan ɗauke shi a matsayin kalsiyam, ta auna faɗinsa, ta ninka da wata lamba daga 1 zuwa 4 gwargwadon taurinsa, sannan ta tara na dukkan jijiyoyin. Don haka makin ba kaso cikin ɗari ba ne, ba shi da iyaka ta sama, kuma ba ya faɗin ko jijiya ta tsuke ko ba ta tsuke ba. Mai maki 146 ba yana nufin jijiyarsa ta toshe ba ne.

Fara da gwaje-gwaje masu araha

Kafin a yi maganar CT, a auna hawan jini fiye da sau ɗaya a ranaku daban-daban, a auna sugan jini, a kuma auna kolestarol, musamman nau'in da ake rubutawa LDL a takardar sakamako. Da waɗannan, tare da shekarun mutum da jinsinsa da ko yana shan taba, likita zai lissafa yiwuwar mutum ya gamu da bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki cikin shekara 10 masu zuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jadawalin irin wannan lissafi na yankunan duniya daban-daban a 2019, har da na Afirka ta Yamma, kuma akwai wanda ake iya amfani da shi ko babu gwajin jini.

A nan ne nake ganin ya wajaba mai karatu a Kano ko Maraɗi ko Kumasi ya yi hattara da abin da ake tallatawa. A ƙasashenmu hawan jinin da ba a kula da shi ba shi ne babban mai ɓarna, ta hanyar shanyewar ɓarin jiki da gazawar zuciya da ciwon ƙoda. Akwai kuma lalacewar ƙofofin zuciya da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na yarinta, da raunin zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, wanda likitoci a Zariya da Kano da Sakkwato suka daɗe suna rubutu a kan yawansa. Ba ko ɗaya daga cikin waɗannan da gwajin kalsiyam zai nuna. Wanda jininsa yake 170 bisa 100 kuma ba ya shan magani, kuɗin da zai kashe a hoton CT ya fi masa amfani ya sayi na'urar awon jini ta gida da maganin wata shida.

Wanda gwajin ya dace da shi, da wanda bai dace da shi ba

Ƙa'idojin da ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka suka fitar a 2018 sun fayyace wurin da gwajin ya fi amfani. Shi ne mutum mai shekara 40 zuwa 75, wanda bai taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba, ba shi da ciwon suga, LDL ɗinsa yana tsakanin 70 da 189 a ma'aunin mg/dL, kuma lissafin haɗarinsa na shekara 10 ya faɗo a tsakiya, daga kashi 7.5 zuwa ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, sannan shi da likitansa suna kokwanton fara magani. Akan kuma duba wasu da lissafinsu ya ɗan gaza haka, idan akwai wani dalili na ƙari, kamar a ce mahaifi ko ɗan'uwa namiji ya samu ciwon jijiyoyin zuciya kafin shekara 55, ko mahaifiya ko 'yar'uwa kafin 65. Haka nan yana taimakon wanda likita ya ba shi shawarar magani amma zuciyarsa ba ta kwanta ba, domin gani ya kori ji, kuma mutane da yawa sun fi riƙe magani da gaske bayan sun ga farin ɗigon a hoton jijiyarsu.

Waɗanda gwajin ba nasu ba ne sun fi yawa. Wanda ya taɓa samun bugun zuciya, ko aka sa masa ƙarfen buɗe jijiya, ko aka yi masa tiyatar sauya wa jini hanya, an riga an san yana da cutar, ba sauran abin da makin zai ƙara. Wanda LDL ɗinsa ya kai 190, wato 4.9 a ma'aunin mmol/L da ɗakunan gwaji da yawa suke amfani da shi, yana buƙatar magani ko da makinsa sifili ne. Mai ciwon suga da ya kai shekara 40 shi ma galibi an riga an yanke cewa magani zai amfane shi. Matashi ɗan shekara 30 da ba shi da wani dalili na musamman kusan tabbas sifili zai samu, saboda ko da datti ya fara taruwa bai kai ga taurara ba, don haka sakamakon ba zai gaya masa komai ba. Mace mai ciki, ko wadda take zaton tana da shi, ba a yi mata.

Mafi muhimmanci, gwajin ba na mai jin ciwo ba ne. Wanda yake jin nauyi ko matsi a ƙirji idan ya hau bene ko ya yi sauri zuwa masallaci, ya lafa idan ya tsaya, yana buƙatar ganin likitan zuciya don wasu gwaje-gwaje dabam. Wanda kuwa ciwon ƙirji ya kama shi yana zaune, ya wuce 'yan mintoci, yana miƙewa zuwa hannu ko muƙamuƙi ko baya, da zufa da ƙarancin numfashi, a kai shi sashen gaggawa nan take, kada a tsaya cewa olsa ce ko iska ce ta shige shi.

Shirin zuwa da ranar gwajin

Ba kowace cibiyar da take da na'urar CT ce take yin wannan gwaji ba. Ana buƙatar na'ura mai sauri wadda take ɗaukar hoton daidai da bugawar zuciya, da manhajar lissafa makin, da likitan hoto da ya saba karanta shi. Saboda haka a tambaya tun kafin a biya kuɗi ko suna yin gwajin makin kalsiyam na jijiyoyin zuciya, kuma ko takardar sakamakon za ta nuna makin Agatston. A bambanta shi da ɗaya hoton CT na zuciya, wanda ake sa allurar ruwan rini a jijiya don ganin cikin hanyoyin jini. Wancan ya fi tsada, na masu alamun ciwo ne, kuma sai an duba lafiyar ƙoda kafin a yi shi. Gwajin kalsiyam babu rini, kuma galibi babu allura, babu abin da ake haɗiya.

Cibiyoyi da yawa sukan nemi a guji taba da duk abin da yake sa zuciya sauri na aƙalla awa huɗu kafin lokacin, domin hoton ya fi fita sarai idan zuciya tana bugawa a hankali. Takardun da ake bugawa a waje kofi da shayi suke ambata, amma a wurinmu a haɗa da goro, domin shi ma yana da sinadarin da yake sa zuciya sauri, da kuma lemukan ƙarin kuzari. Magungunan da aka saba sha a ci gaba da shansu sai dai in likita ya ce a dakata. A cire sarƙar wuya da laya da duk wani abu mai ƙarfe a ƙirji, a fitar da waya da 'yan kuɗin ƙarfe daga aljihun gaba. Galibi za a ba mutum rigar asibiti ya sauya. Macen da ta fi son mace ta manna mata wayoyin ƙirji ta faɗa tun lokacin da take karɓar rana, don a shirya.

Ɗakin yakan yi sanyi sosai saboda na'urar. Mutum zai kwanta rigingine a kan siririn gado, hannuwa a sama da kai, a manna masa 'yan faifan roba a ƙirji waɗanda suke bin bugawar zuciya. Gadon zai shiga cikin wani babban zobe mai buɗaɗɗen gaba da baya, ba rami ne mai rufewa ba, don haka ko mai tsoron matsatsin wuri yakan jure. Ma'aikacin zai koma bayan gilashi ya yi magana ta lasifika, ya ce a ja numfashi a riƙe na daƙiƙa 10 zuwa 20. Wannan riƙewar ita ce dukkan aikin da ake buƙata daga mai gwajin, kuma yana da kyau a gwada ta a gida sau biyu ko uku. Idan mutum ba ya jin harshen ma'aikacin, a yi yarjejeniyar kalmar da za a faɗa tun kafin a fara. Gaba ɗaya abin ba ya wuce minti 10 zuwa 15, kuma mutum zai iya tuƙa motarsa ya koma aikinsa.

Game da tururin na'urar, abin da jiki yake ɗauka ya kai kimanin 1 a ma'aunin tururi da ake kira milisibat, alhali abin da kowane mutum yake ɗauka daga ƙasa da iska da sararin sama a shekara, a matsakaicin lissafin duniya, ya kai 2.4. Kaɗan ne, amma ba sifili ba ne, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa ba a maimaita gwajin kowace shekara.

Karanta sakamakon

Maki sifili labari ne mai daɗi ƙwarai ga mai matsakaicin shekaru, domin haɗarin bugun zuciya a 'yan shekaru masu zuwa ya yi ƙasa matuƙa, kuma likita zai iya yarda a jinkirta maganin kolestarol. Amma ƙa'idar nan ta 2018 ta ware mutum uku da sifili ba ya wanke su: mai shan taba, mai ciwon suga, da wanda ciwon zuciya ya kama danginsa na kusa da wuri. Sifili kuma ba ya nufin a bar maganin hawan jini, ba ya kuma dawwama. Akan sake dubawa bayan kimanin shekara biyar idan har lokacin ba a fara magani ba.

Daga 1 zuwa 99 yana nufin cutar ta fara, kuma ra'ayi ya karkata ga fara magani, musamman ga wanda ya kai shekara 55. Daga 100 zuwa sama, shawara ita ce a fara maganin rage kolestarol na dangin sitatin, irin su atorvastatin da rosuvastatin. Abin da ya haura 300 ana ɗaukar shi da nauyi, a matsa wajen sauke LDL ƙasa sosai, wanda ya haura 1,000 kuma haɗarinsa ya yi kusa da na wanda ya taɓa samun bugun zuciya. Duk da haka babban maki shi kaɗai, ba tare da alamun ciwo ba, ba dalili ba ne na garzayawa a sa ƙarfe a jijiya, kuma duk wanda aka yi wa tayin haka saboda lamba kawai ya nemi ra'ayin likita na biyu.

Takardar takan nuna wata lamba ta biyu, wadda take kwatanta mutum da sa'o'insa. Maki 40 ga dattijo mai shekara 72 abu ne da aka saba gani, amma ga mace mai shekara 46 ƙararrawa ce. Wanda makinsa ya fi na kashi 75 cikin ɗari na sa'o'insa ana ba shi shawarar magani ko bai kai 100 ba. Wannan kwatance ya samo asali ne daga wani babban bincike da ake kira MESA, wanda aka fara a Amurka a shekarar 2000 da mutum 6,814 masu shekara 45 zuwa 84, da suka haɗa da farare da baƙaƙe da 'yan asalin Sin da na Latin Amurka. Binciken ya nuna cewa baƙaƙen fata ba su kai farare yawan kalsiyam ba, amma a cikin kowane rukuni daga cikinsu makin yana hasashen haɗari. Mahalartan mazauna Amurka ne masu cimar can, don haka ga mutumin Katsina ko Damagaram wannan lamba ta biyu manuniya ce kawai.

Hoton yana kama wani ɓangare na huhu, kuma ba abin mamaki ba ne a ga ɗan ƙullutu a ciki. Mafi yawansu ba su da illa, wasu tabon tsohon ciwo ne kamar tarin fuka, amma a nuna wa likita ya yanke ko akwai buƙatar bibiya.

Ya kamata kuma mai karatu ya san cewa masana ba su haɗu a kan a riƙa yi wa kowa da kowa gwajin ba. Kwamitin da yake ba da shawara kan matakan rigakafi a Amurka ya ce a 2018 hujjojin da ake da su ba su isa a yanke hukunci ba. A Danmak an yi wani gwaji da maza sama da 46,000 masu shekara 65 zuwa 74, inda aka gayyaci wasu don binciken zuciya da jijiyoyi har da wannan hoto, aka bar wasu. Sakamakon da aka wallafa a 2022 bai nuna tabbatacciyar raguwar mace-mace ba bayan shekara biyar da 'yan watanni. Hasashen haɗari abu ne dabam, tsawaita rai ta hanyar tantance jama'a baki ɗaya kuma abu ne dabam, shi ya sa nake ganin gwajin na wanda yake da takamaimiyar tambaya ne.

Bayan sakamako

Kalsiyam ɗin da ya riga ya zauna ba ya narkewa, kuma babu wani jiƙo ko tsimi ko ƙwayar da ake tallatawa a Facebook da sunan wanke jijiya da aka tabbatar tana cire shi. Manufar magani ita ce a hana sabon datti taruwa, a kuma sa wanda yake nan ya daskare ya daina barazanar fashewa. Saboda wannan daskarewar, makin mai shan sitatin yakan ƙaru maimakon ya ragu, kuma hakan ba alamar gazawar magani ba ce. Wanda ya fara magani da gwajin LDL zai riƙa bin ci gabansa, ba da sabon hoton CT ba. Idan ciwon tsoka ya dame shi ya koma wurin likita a sauya nau'i ko a rage ƙarfi, kada ya ajiye maganin a ɓoye. Asfirin kuwa kada kowa ya fara shan sa kullum da kansa, domin yana iya jawo zubar jini a ciki, musamman ga mai olsa da tsofaffi.

Sauran aikin a gida yake. Taba da shisha a bar su gaba ɗaya. Gishiri kada ya wuce giram 5 a rana, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma a lissafa da wanda yake cikin dunƙulen miya da yajin tsire da kanwa. Tafiya mai ɗan sauri ta minti 150 a mako ta wadatar a matsayin mafari, ko da a raba ta minti 30 bayan asuba sau biyar. A rage kitsen nama da man shanu da soye-soye da lemon kwalba, a ƙara wake da ganye irin su zogale da alayyafo da rama, da hatsin da ba a surfe shi ƙwarai ba.

Da muka kai takardar yayana wurin wani likitan zuciya a nan gida, sai da ya fara auna jininsa sau biyu, ya tambaye shi abin da ya yi ajalin mahaifinmu da shekarunsa, kafin ya ko kalli lambar. Sannan ya ce, "Alhaji, wannan ba takardar sallama da duniya ba ce, gargaɗi ne da ya zo da wuri." Ya rubuta masa sitatin da maganin hawan jini, domin jinin ma ya ɗan hau ba tare da ya sani ba, ya ce ya dawo bayan wata uku da sabon gwajin kolestarol, ya kuma ajiye takardar da faifan wuri guda don duk likitan da zai gani nan gaba. Da Yaya ya tambaya game da fura, likitan ya ce ya koma shan abinsa, sai dai a yayyage man da yake saman nonon, a kuma rage sukari.